Ba Za Ta Sara wa Mijinta Ba

Ba ƙarfe ne yake riƙe da jirgin yaƙi a kan ruwa ba, ƙananan sojoji ne. Hafsoshi kuwa kaya ne da gwamnati take lodawa a sama don kada jirgin ya rasa nauyi.

Wannan shi ne ilimin da Cif Rufino Dimayuga ya samo cikin shekara ashirin da shida a rundunar ruwa, kuma bai taɓa yi wa kowa rowarsa ba. Ya faɗa a coci, ya faɗa a wurin aski, ya faɗa wa likitan da ya yi masa aikin zuciya, wanda daga baya aka gane tsohon hafsa ne.

Ya san abin da yake faɗa. Kuku ne shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsaye a bayan hafsoshi da tawul a hannu, suna ci yana sauraron hirarsu. Ubansa ma, tun da aka ɗauko shi daga Kabite, can ƙasarsu ta asali a ƙetaren teku, takalmansu ya goge har ya yi ritaya. Duk wanda ya taɓa ganin hafsa yana cigiyar cokalin da ke hannunsa, in ji Cif, zai gane Allah ne kaɗai yake tsare ƙasar nan.

Daga wannan ilimi ya fitar da dokar gidansa guda ɗaya tak: 'yarsa ba za ta sara wa mijinta ba.

Shekara uku dokar nan ba ta dami Lamar Pettway ba, don ba ta shafe shi ba. Makanikin inji ne a can ƙasan jirgi, mutumin Alabama, mai baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Ranar da Perla, 'yar Cif ɗin, wadda ita ma ƙaramar sojan ruwa ce, ta fara kawo shi gidansu a Norfolk, Cif ya duba hannunsa kafin ya duba fuskarsa.

“Wannan yana aiki,” ya ce.

Shi ke nan an karɓe shi. Aka koya masa mano, wato ka kama hannun babba ka ɗora a goshinka. Aka ba shi kujerar da ke kusa da tukunyar shinkafa, wadda ba a bai wa baƙo. Aka sa ranar aure a watan Disamba, aka kama zauren coci.

Sai aka zaɓe shi.

Cikin ɗaruruwan da suka nema, rundunar ta tsamo 'yan kaɗan ta ce su tafi jami'a. Wata talatin da shida, kana nan a matsayinka na ƙaramin soja, in ka gama a liƙa maka anini ka zama hafsa. In ka faɗi, ka koma jirgi ka ƙara musu shekaru. Sau uku Lamar yana nema. Cif ya san yana nema, amma ya ɗauki abin kamar mutum mai yankar tikitin caca: hali ne da za a iya jurewa muddin ba a ci ba.

Makon farko a jami'a ya fi wa Lamar wata tara a teku tsawo.

Da sassafe akwai fareti tare da ɗaliban da za su shiga runduna kai tsaye daga makaranta. Shugaban layinsu wani ɗan shekara sha tara ne mai suna Brady, wanda bai taɓa ganin teku ba sai daga kan yashi. Ya zo ya tsaya gaban Lamar, ya duba takalminsa daga sama har ƙasa.

“Ba laifi,” ya ce. “A hankali za ka koya.”

“Na gode,” in ji Lamar, wanda ya ratsa mashigin Suez sau huɗu.

Ajin lissafi ya fi muni. Rabonsa da irin wannan allo shekara tara. Malamar ta cika shi da haruffa, ta goge, ta sake cikawa, tana cewa wannan ai maimaici ne kawai. Abu ɗaya Lamar ya fahimta a ɗakin, shi ne ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, wadda ya tabbata belinta ya kusa tsinkewa. Ya kalle ta har yarinyar da ke gefensa ta taɓo shi.

“Yauwa, gara da aka turo ka. Tun jiya take wannan kukan.”

Hafsoshin ofis ba su ɗauke shi hafsa ba, kuma da gaskiyarsu. Abokansa na jirgi kuma sun daina turo masa barkwancin da ake yi wa hafsoshi. Da yamma ya koma ɗakin da ya kama kusa da makaranta, ya zauna a wani tebur mai guntuwar ƙafa ɗaya. In ya danna biro sai teburin ya sunkuya, in ya ɗaga sai ya miƙe. Ya naɗe takarda ya cusa, ta fita. Ya cusa safa, ta lotse. Ya haƙura, ya riƙa tokare shi da gwiwa.

Abin da ya riƙe shi duk makon nan shi ne Lahadi tana zuwa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya isa gidan da kwandon mangwaro. Wata biyu ke nan bai zo ba, don horon share fage da aka kai su arewa. Tun daga bakin titi yake jin ƙamshin adobo, dahuwar kaza irin ta ƙasarsu, da wata murya tana kisan wata waƙar soyayya a na'urar waƙa.

Perla ce ta buɗe. Ba ta yi murmushi ba. A hammatarta akwai ƙaton shuɗin littafin nan da take yawo da shi ko'ina tun bara, wanda ta cika gefensa da 'yan takardu masu launi. Littafin jarrabawar zama Cif ne, muƙamin ubanta, na manyan cikin ƙananan sojoji. Shekara tara tana gyaran wutar jirgi, igiya uku a hannunta, saura mataki ɗaya, a watan Janairu.

“Ka yi haƙuri da duk abin da za ka gani,” ta ce a hankali.

Abin da ya gani shi ne mutum a kujerarsa.

Jomar ne, ɗan aminin Cif, ƙaramin soja mai igiya biyu wanda ya sha alwashin ba zai taɓa wuce nan ba, kuma duk alamu sun nuna zai cika alkawari. Yana zaune kusa da tukunyar shinkafa, makirufo a hannu ɗaya, cinyar kaza a ɗaya.

Lamar ya ajiye mangwaro, ya nufi Cif, ya ɗan rusuna ya miƙa hannu zai yi mano.

Cif bai ba da hannun ba.

Ya dafa tebur ya miƙe a hankali, ya haɗa duga-dugansa cikin silifas, ya ƙame, ya kai hannun nan goshinsa ya sara.

“Barka da zuwa, yallaɓai.”

Waƙar ta ci gaba ita kaɗai babu mai rerawa.

“Tatay,” in ji Lamar, yana kiransa baba da yaren gidan, “ni ne fa.”

“Na gane ka, yallaɓai. Wa zai kasa gane ka? A kawo wa yallaɓai faranti mai kyau. Belen, ina cokulan baƙi? A kawo biyu, ko ɗaya zai ɓace masa.”

“Rufino, zauna kafin ka faɗi,” in ji matarsa, Nanay Belen, daga bakin kicin. “Tsohon banza. Ka sha maganinka?”

“Ba a zama sai hafsa ya ba da izini.”

“Tatay, har yanzu ni ƙaramin soja ne. Igiyoyina suna nan. Sai nan da shekara uku.”

“Mace mai cikin wata ɗaya ma ba a ganin komai,” in ji Cif, ya zauna.

Aka zaunar da Lamar a ƙarshen tebur, inda ake ajiye fada, limamin cocinsu, in ya kawo ziyara. Jomar ya miƙo masa taliya ba tare da ya ɗaga ido ba, ya yi ƙasa da murya.

“Ɗan'uwa, wallahi ni cewa aka yi in zo in ci abinci.”

“Ci abinka.”

“Jomar yaro ne mai sanin matsayinsa,” in ji Cif, yana magana da tukunyar shinkafa. “Ba ya hangen sama. Matarsa za ta haɗu da shi a ƙofar bariki ta ce, kai, ka manta abincinka. Ba za ta ƙame ba.”

“Tatay, ya isa,” in ji Perla.

“Bai isa ba, anak, 'yata. Yanzu na fara.” Ya juyo ga Lamar, ya ajiye yallaɓan a gefe, wanda ya fi komai tsoratarwa. “Na ba ka 'yata kana mutum mai aiki. Yanzu ka je ka zama wani abu dabam. To zaɓi ya rage gare ka. Ko ka ajiye makarantar, ko ka ajiye ta.”

“In mun yi aure kafin a liƙa mini anini, doka ta yarda. Na tambaya.”

“Dokar runduna ta yarda. Tawa ba ta yarda ba.”

“A gida ai ba a sarawa, Tatay,” in ji Perla.

“A bakin jirgi fa? A gaban yaran da kike koya wa aiki? Ki wanke wa mutum safa da safe, da rana ki ƙame masa ki ce yallaɓai? Ubana ya yi, ni na yi. A kanki aka rufe.”

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya dawo da wani tsohon gwangwanin biskit. Kowa a gidan ya san shi. Ya buɗe, ya warware auduga, ga 'yan ƙananan anga biyu masu ruwan zinariya, siffar ƙugiyar tsayar da jirgi, irin waɗanda ake maƙala wa Cif a kwala ranar da ya zama Cif. Nasa ne. Duk wata yana goge su.

“Waɗannan naki ne,” ya ce. “Da hannuna zan maƙala miki. Kuma ranar nan ba na son in ga wani yaro mai anini ɗaya a gefe yana jiran ki sara masa.”

Perla ta ture kujera ta fita. Lamar ya bi ta. A bayansu ya ji Nanay Belen tana cewa, “Ka ji daɗi? To ci, ga tebur nan duk naka,” da kuma Jomar yana tambaya ko zai iya tafiya da sauran kazar.

A motarsa ya same ta, ta riga ta shiga ta rufe, littafin a cinyarta. Rana ta gasa kujerun. Ya zauna bai tayar da injin ba.

Ta yi kuka sosai. Bai hana ta ba, don a gidan nan kuka ne kaɗai abin da Cif bai kafa wa doka ba.

“Zan janye,” ya ce bayan ta lafa.

“Kada ka fara.”

“Da gaske nake. Ai ko ban janye ba lissafin nan zai kore ni. Perla, ko kalma ɗaya ban gane ba. Wata yarinya ta ɗauka gyaran na'ura na zo.”

Ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, ta share fuska da bayan hannu.

“Ka gyara?”

“Saura kaɗan.”

“Sau uku ka nema, Lamar. Takardar neman ta ukun ni na buga maka, kana tsaye a kaina kana cewa in cire waƙafi. Na ga fuskarka ranar da sunanka ya fito. In ka janye, kullum zan riƙa ganin fuskar nan a kan tebur, tana cin abincina tana yi mini shiru.”

“To mu tafi kotu gobe. Minti goma ne. Shekarunki ashirin da takwas.”

“Wa zai riƙe ni ya shiga da ni coci? Kai ba ka ga yadda ya dafa tebur kafin ya miƙe ba? 'Yan ƙarafa uku likita ya sa masa a zuciya. In na yi aure ba shi, abin da zai biyo baya ni za a ce na yi. Ni ma haka zan ce.”

“Mu jira, to. Zai huce.”

“Tatay? Har yau bai yafe wa wani laftanan da ya ce miyarsa ta yi gishiri ba, tun ban iya tafiya ba.” Ta jingina kai da gilashi. “Kuma jiran har yaushe? Ranar da aka liƙa maka anini, in ba mu da aure, ko shayi doka ba ta yarda mu sha tare ba. Ka sani, na sani, shi ma ya sani. Shi ya sa ba ya sauri.”

Daga cikin gida waƙar ta sake tashi. Jomar ya farfaɗo.

“Auri Jomar mana,” in ji Lamar. “Ga murya.”

“Zan fasa maka littafin nan a ka.”

“Kin ga nauyinsa? Sai dai gawata.”

Ta dubi littafin, ta shafa 'yan takardun gefensa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

“Na gaji,” ta ce. “Ba fushi nake ba. Gajiya ce kawai. Shi yana ja, kai kana ja, kowa da gaskiyarsa, ni ce igiyar.”

“Ni ban ja ki ba.”

“Shi ya sa naka ya fi ciwo.”

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta koma ta taya uwarta wanke-wanke.

Litinin da Talata ba ta ɗauki wayarsa ba. Brady ya yaba masa ya ce takalminsa ya fara kyau. Malamar lissafi ta ba da sanarwar gwaji ranar Juma'a.

Ranar Laraba da yamma Lamar ya tokare tebur da gwiwa ya rubuta takardar janyewa. Layi shida ce. Ya yi mamakin yadda abin da ya ci masa shekara uku yana nema ya shige cikin layi shida har da sauran fili. Ya sa hannu, ya bar ta a kan tebur, da niyyar miƙawa ranar Juma'a bayan gwajin, don aƙalla ya san da me ya faɗi.

Ranar Alhamis da la'asar ya dawo daga aji ya tarar da ƙofarsa a buɗe, ɗakin yana ƙamshin tafarnuwa.

Perla ce, cikin kayan aiki, ko hula ba ta cire ba. Ta shimfiɗa faranti biyu. Takardarsa tana ƙarƙashin tukunya mai zafi, mai ya riga ya ratsa ta.

“Takardata ce wannan.”

“Na karanta. Waƙafi biyu sun yi yawa. Zauna.”

Ya zauna.

“Tatay ya ce ka zo ranar Lahadi,” ta ce tana zuba masa shinkafa. “Ya ce ka zo da yunwa. An mayar maka da kujerarka.”

Lamar ya riƙe cokali a sama.

“Ya sauko?”

“Tatay ba ya saukowa. Dokarsa tana nan yadda ya kafa ta. Na je jiya na kama hannunsa na ɗora a goshina, na ce, Tatay, na yi maka alkawari ba zan taɓa sara wa Lamar ba. Ya ce Disamba tana nan. Har ya kira fada.”

“Bai tambaye ki ta yaya ba?”

“Wanda ya ci nasara ba ya tambaya. Ya ɗauka ka ajiye makarantar.”

“To ai in ban ajiye ba...”

“Ci abincinka.”

Ya dafa gwiwar hannu biyu a kan tebur zai yi magana, sai ya tsaya. Ya ƙara dannawa. Teburin bai motsa ba.

Ya sunkuya ya leƙa.

Shuɗin littafin ne a ƙarƙashin guntuwar ƙafar. Ya shiga daidai kamar don wurin aka buga shi. 'Yan takardun gefensa sun leƙo waje, ja da kore da rawaya.

Ya daɗe a sunkuye.

“Perla.”

“Da safe na je ofis. Wa'adina yana ƙarewa a watan Yuni. Matar da ke wurin ta turo mini takardar sabuntawa, na tura mata abinta. Ta ce in je in yi tunani, na ce daga can nake.” Ta cire hular ta ajiye a gefen faranti. “Farar hula ba ta sara wa kowa.”

“Saura wata huɗu jarrabawarki. Shekara tara, Perla. Za ki ci, kowa ya san za ki ci.”

“Na sani.”

“Mu koma ofishin gobe. Ni zan kai ki. Ba su...”

“Na sa hannu, Lamar. Ni tawa ban bar ta a kan tebur ba.”

Ba ta yi kuka ba. Da alama ta gama shi tun ranar Lahadi, ta ga bai biya komai ba.

“Anga ɗin nan fa?” ya ce. “Na cikin gwangwani?”

“Suna nan. Zai ci gaba da goge su.”

“Wa zai gaya masa?”

“Ranar Lahadi, bayan ya ba ka hannunsa. Ka tabbata ka kama shi da kyau kafin in buɗe baki.”

Ta jawo littafinsa na lissafi daga jaka, ta buɗe shi a gefen farantinsa, ta danne shafin da kwalbar gishiri.

“Gobe kana da gwaji,” ta ce. “Yanzu teburin ya zauna. Ba ka da sauran hujja.”

Ta ɗauki cokalinta ta fara ci a hankali, tana kallon bango.